Saura Izu Bakwai

Shekarun da katafila ke tumɓuke itatuwa tsakanin Mafara da Bakura, ni ne mai kula da laburare a Talata Mafara. Kada ka ji sunan ka ɗauka wani abin kirki ne. Ɗaki ɗaya ne, kanta huɗu, benci biyu, sai gara da ta fi mutanen gari son littattafan. Amma ni a lokacin ji nake ba wanda ya kai ni. Na yi kwas na wata tara a Sakkwato, na dawo da takalmi sau-ciki da biro uku a aljihu. Saurin fushi kuwa ba kwas ne ya ba ni ba, da shi aka haife ni.

Ƙasar a hargitse take. Aikin dam ɗin Bakolori ya taɓa kowa. Ta wajen Maradun ruwa ya haɗiye ƙauyuka har da maƙabartu, aka kwashe mutane aka zube su a kan tsandauri. Ta wajen Bakura an baje gonaki, an share iyakokin da kakanni suka kafa. Manoma suka fara tare hanya da duwatsu da kututture, kowace ranar kasuwa sai an kawo labarin wanda aka fasa wa kai. Na taɓa gani da idona wani dattijo ya rungume ɗorawar gonarsa ya ƙi saki, aka ɓamɓare shi da kulki, aka ja shi ta ƙafa, bayansa na karzar ƙasa har rigar ta yi ja. Na tsaya na kalla, na ce Allah shi kyauta, na hau babur ɗina na wuce. A ganina wannan rigimar manoma ce, ba ta shafi mai littafi ba.

Ana cikin haka takarda ta zo daga manyanmu. Wai in ɗauki samari biyar na wata uku, in koya musu aikin laburare, su riƙa shiga ƙauyuka suna jawo hankalin mutane ga karatu. Kafin su fara, ni zan zagaya da su in gabatar da su ga jama'a don a san fuskokinsu, in kuma kawo sunayen waɗanda suka yarda su shiga. Huɗu ban sha wahalar samunsu ba, yaran gari ne da suka gama makaranta suna zaman jira. Na biyar ni na nemo shi da kaina.

Wata wasiƙa na gani a hannun wani mai sayar da albasa, rabi da ajami rabi da boko, na ce wa ya rubuta wannan. Ya ce ɗan wani malami ne a Dakko. Wallahi ban taɓa ganin hannu irin wannan ba, baƙaƙen a tsaye, a natse, ba wanda ya hau kan ɗan'uwansa. Na ce wannan shi zai riƙe mini rijista. Washegari na tada babur sai Dakko.

Uban dattijo ne siriri mai magana a hankali. Sai da muka yi gaisuwa ta kai ta kawo, ya tambayi gida, ya tambayi gajiya, ya tambayi Mafara da mutanenta, ni kuwa Allah-Allah nake in faɗi abin da ya kawo ni. Da na faɗa, ya ce a'a. Ya sa aka ɗauko wata gafaka ta jan fata, ya buɗe a gabana. Ashe ɗan nasa Alƙur'ani yake rubutawa da ka, shekara uku ke nan yana kai, kullum bayan asuba da alƙalamin kara da tawadar da shi yake dafa abarsa. Izu hamsin da uku sun kammala, saura bakwai. Malam ya ce shi idonsa ya raunana tun bai kai ga rubuta nasa ba, wannan shi ne abin da yake roƙon Allah ya nuna masa kafin ya koma. Na yi ta magiya, na ce wata uku ne kawai, na ce aikin ilimi ne shi ma, na ce akwai littattafan ajami da ba mai karanta wa mutane sai irin ɗansa. Wannan na ƙarshen ne ya karya shi. Ya rufe gafakar, sannan ya ce:

"Amana na ba ka. Ka maido man shi yadda ka ɗauke shi."

Na ce in sha Allahu, ko ƙwarzane ba zai samu ba. Kafin mu tafi ya ja ɗansa gefe cikin zaure, ya daɗe yana yi masa magana ƙasa-ƙasa. Ban ji abin da ya ce ba, ban kuma damu in ji ba. Ina waje ina ta murza wa babur wuta don su gane ina sauri.

Saurayi ne ɗan shekara ashirin da 'yan kai, baƙi, dogo, ba ya dariya da ƙarfi. Na laƙa masa Alaramma don tsokana, sauran ma suka ɗauka. In na ce Alaramma yau izu nawa aka rubuta a mafarki, sai ya yi murmushi ya ci gaba da jan layi a rijista. Shi ya tsara ta tun daga shafin farko, ya rubuta Bismillah a sama da ajami, sannan ya ja gidaje na suna da unguwa, da gida na ƙarshe inda wanda bai iya sa hannu ba zai dangwala yatsa. Dangwalen dabarata ce, har ina alfahari da ita.

Gabatarwar farko a Bakura muka yi, a filin wata firamare. Aka sa tebur, aka shimfiɗa farin ƙyalle, na jera yarana biyar cikin rigunan kaki iri ɗaya da na sa aka ɗinka musu. Na yi jawabi, malaman makaranta suka tafa, yara suka yi layi suna kallon hotuna a littafi. Ban lura ba cewa duk wanda ya zo ranar ɗan boko ne ko ɗan ɗan boko, manomi ko ɗaya bai taka filin ba. Na dawo Mafara kaina ya ƙara girma, na ce saura Maradun.

Wurin da na zaɓa ɗaya ne daga cikin sababbin matsugunan da aka zuba waɗanda ruwa ya kora. Na ce ai su suka fi kowa bukatar wayewa. Na aika wa mai garin takarda da hatimi, na aro Landiroba daga wani ofishin gwamnati, na zaɓi ranar kasuwa don a taru da yawa.

Ana gobe za mu tafi, da la'asar, Alaramma ya tsaya bayan sauran sun watse. Ya durƙusa gefen kujerata, ya ce yana da magana in na yarda. Ya ce kada mu je da tebur. Ya ce haka aka zo musu a Dakko: mota irin wannan, samari masu kaki, tebur a gindin itace da farin ƙyalle, babban littafi, a kira sunanka ka dangwala yatsa, bayan sati biyu katafila ta shigo gonarka. Ya ce mutumin ƙauye yanzu in ya ga tebur da tawada, ba ya jin abin da bakinka ke faɗi. A bar mota a bayan gari, mu shiga da ƙafa, mu fara da zauren liman da ɗan goronmu, a shimfiɗa tabarma, shi ya buɗe littafin ajami ya fara karantawa da ƙarfi, mutane za su zo da kansu. Ya ce a wurinsu ilimi a ƙasa yake zama, abin da ke kan tebur na hukuma ne.

Ni fa abin da na ji kawai shi ne yaron da na ɗauko a bayan babur yana koya mini aikina. Zuciya ta ɗebe ni. Na ce kai ka yi kwas ko ni? Na ce mu ba bara za mu je ba da za mu zauna a tabarma, aikin gwamnati ne, kuma da mutunci za a yi shi. Na ce in tsoro yake ji ya faɗa in mayar da shi gindin babansa. Ya ce Allah shi huci zuciyata. Da safe muna loda kaya ya sake matsowa ya ce ko tawadar dangwalen kaɗai a bari. Na daka masa tsawa a gaban 'yan'uwansa, na sa shi ya ɗauki teburin da kansa ya ɗora a mota.

Mun isa da hantsi. Wuri ne ja, tsakuwa zalla, bukkoki a jere kamar an zuba su da gangan don a wulaƙanta mutane. Itace ɗaya ne a bakin kasuwar, tsamiya, nan na ce a kafa tebur. Mai garin ya fito, na gaishe shi a tsaitsaye, ya dubi motar ya dubi ƙyallen, ya ce ba shi da lafiya ya koma gida. Ashe takardata tun da ta iso ba wanda ya iya karanta ta, hatimin kawai suka gani, kwana huɗu garin bai yi barcin kirki ba. Ina jera littattafai ina ganin tsofaffi mata suna kife ƙorai suna ɗaure kayansu. Kasuwa ta yi tsit. Maza suka fara matsowa, kowa da abin da ya zo kasuwa da shi, mai gora da gora, mai fartanya da fartanya. Direba ya raɗa mini cewa shi fa bai ga alamar alheri ba. Na ce ya rufe mini baki.

Na jera su biyar a bayan tebur, Alaramma a tsakiya da rijista a gabansa da tawada a gefe. Na ɗaga murya na ce ga samari nan gwamnati ta turo, ku dube su da kyau, za su riƙa zuwa muku gida-gida, yau kuma za mu fara da rubuta sunaye. Ban kai ga ambaton littafi ba wani tsoho mai furfura ya fito gaba, yana dogara gora. Bai ɗaga murya ba.

"Wanga karon mi kun ka zo ɗauka? Gona kun ɗauka. Kushewar ubana tana ƙarƙashin ruwa. Mi ya rage?"

Da na yi shiru, ko na ce Baba yi haƙuri zauna in yi maka bayani, da wataƙila an rabu lafiya. Amma ni ne. Na ce wannan jahilcin shi ya kai ku inda kuke, shi kuma muka zo cire muku. Allah ya isa tsakanina da bakina.

Dutsen farko gilashin mota ya samu. Na biyu ya sami ɗaya daga cikin yarana a baki, na ga haƙori ya faɗo kan farin ƙyalle. Direba ya ja mota da yarana biyu da suka yi tsalle suka ɗafe, ya bar mu. Na juya in kira shi sai gora ta sauka a goshina, jini ya rufe mini ido ɗaya, na faɗi a kan gwiwa. Aka yi ta tattaka ni, wani ya sa ƙotar fartanya a haƙarƙarina, ina jin numfashina yana fita ba ya dawowa. Wani yaron nawa ya ruga cikin rumfunan kasuwa, suka bi shi suka kama, suka yaga kakin a jikinsa suna dukansa da igiyar jaki. Littattafan da na yi sati ina zaɓa aka watsar, aka kwaso wuta daga murhun mai ƙosai aka fara jefa su ciki.

Alaramma bai gudu ba. Ta ƙasan ƙafafun mutane ina hango shi tsaye, ya ɗaga wani ɗan littafin ajami sama yana faɗin sunan ubansa da garinsu, yana cewa ku duba, ku duba, karatu ne. Wasu har sun ɗan ja baya. Sai wani ya ce littafin sunaye za a ƙona, shi ne masifar. Ya kai hannu zai fizgi rijistar, iska ta buɗe shafin farko. Na san abin da yaron ya gani, Bismillar da ya rubuta da hannunsa ce za a jefa a wuta. Ya saki littafin ajamin, ya danne rijistar da tafin hannunsa na dama a kan teburin, yana cewa akwai sunan Allah, a bari ya yage shafin tukuna.

Ba wanda ya ji shi. Abin da suka gani marubuci ne yana kare littafinsa. Wani ya ce ga hannun da ke rubuta mu nan. Tsohon nan mai furfura ya ɗaga gorarsa da hannu biyu ya sauke. Da a tabarma ne, da a ƙasa ne, da hannun ya nutse ko ya goce. Katako ne a ƙarƙashinsa, teburin da na sa shi ya ɗauko. Na ji ƙarar kamar an taka busasshen kara. Sau uku aka sauke gorar, yaron bai janye hannun ba sai a na ukun, kuma ko a lokacin bai yi ihu ba, salati kawai ya yi ya zauna a ƙasa yana kallon abin da ya rage.

Liman ne ya cece mu. Ya fito da gudu ba takalmi, ya ratsa mutane ya tsaya a kanmu, ya cire rawaninsa ya naɗe hannun yaron da shi. Ya tambaye shi ɗan wa ne, da ya ji sunan sai ya dafe kai, ashe ya taɓa ɗaukar karatu a zauren Dakko. Ya juya ya gaya wa mutane ɗan wa suka daka. Ya ɗauki rijistar ya nuna musu shafin farko. Tsohon ya dubi shafin, ya jefar da gorar, ya zauna daɓas a cikin tsakuwa ya rufe fuska da riga. Wutar littattafan kuwa tana ta ci.

A bayan motar albasa aka kawo mu Mafara. Ni ɗinki shida aka yi mini da ɗaurin haƙarƙari, ga tabon nan har yau. Shi kuwa Alaramma, likita ya ce manuni da na tsakiya sun niƙe, ba abin ɗorawa, aka yanke su. Babban yatsan ya warke a sandare, ba ya lanƙwasa. Da ya farfaɗo abin da ya fara tambaya shi ne ko an ƙona shafin.

Bayan kwana biyu 'yan sanda suka shiga garin suka kwaso mutane, aka kawo su a ɗaure, wasu ba sa iya tsayuwa don duka. Ni na jawo musu wannan ma. Na rubuta wa manyana rahoto, na ce jahilcin manoma ne ya hana aiki, ban ambaci tebur ba, ban ambaci abin da bakina ya faɗa ba. Daga baya aka yi harbin manoman Bakolori da duk mutumin ƙasar nan ya sani, na ji an ce tsohon mai gora yana cikin waɗanda ba su dawo ba. Ban yi murna ba, wallahi. Shi ma abin da aka yi masa ne ya rama a kan wanda bai ci ba bai sha ba.

Ranar da aka sallami Alaramma ni na kai shi Dakko, a hankali nake tuƙi yana riƙe da rigata da hagu. Malam yana zaure a kan buzu. Ya yi mini gaisuwa cikakkiya kamar ba abin da ya faru, ya tambayi goshina, ya yi mini sannu. Sannan ya ce ɗan ya matso. Ya kwance ƙyallen da kansa, ya shafa wurin da yatsun suke a da, ya daɗe yana shafawa don idonsa ba ya gani sosai. Gafakar tana rataye a bango saitin kansa. Kowa a zauren ya san ba a rubuta Alƙur'ani da hagu, ba wanda ya faɗa. Malam ya mayar da ƙyallen ya ɗaure, ya juyo wajena.

"Ranar da kun ka tahi na ja shi gehe na hore shi. Na ce duk garin da za ku shiga, shi gaya maka a bar tebur, a zauna ƙasa, a fara da liman. Bai gaya maka ba?"

Ni mai baki, ni da ban taɓa barin magana ta kwana a cikina ba, ranar harshena ya mutu. Na dubi yaron. Kansa a sunkuye, yana kallon tabarma, bai ɗago ba balle ya tone ni. Abin da kawai ya kamata in ce shi ne, ya gaya mini. Na ji tsoron idon dattijon nan fiye da yadda na ji tsoron gora. Na buɗe baki, abin da ya fito shi ne, Allah gafarta Malam, ƙaddara ce.

Malam ya juya wajen ɗansa ya ce, "Ka gani. Magana guda na ba ka." Bai ƙara ba. Yaron ya ce a gafarce shi.

Na ce gobe zan koma in faɗa. Goben ta zama sati, sati ya zama damina. Sau biyu ina kaiwa mararrabar Dakko in juya babur. Aka canza mini wurin aiki, na ce in na zo hutu. Wani almajirin Malam ya nemi ya ƙarasa izu bakwai ɗin, Malam ya ce a'a, hannu biyu ba za su haɗu a cikinsa ba, a bar shi yadda yake. Shekara huɗu bayan haka ya rasu, yana ɗauka ɗansa ne ya manta saƙonsa.

Na je ta'aziyya ranar uku. Alaramma ne a kan buzun, yara na biya masa karatu a waje, gafakar tana nan inda take. Na jira sai da zaure ya rage daga ni sai shi. Na ce ban gaya wa Malam gaskiya ba, har ya tafi ban gaya masa ba. Ya ce ya sani, ai yana wurin. Na ce to kai me ya hana ka faɗa? Ya ce ai ni aka tambaya, ba shi ba.

Na zauna ina kuka kamar ba namiji ba, shi kuwa ya tashi ya shiga gida. Ya dawo da ruwa a kwanon sha, ya durƙusa ya miƙo mini, ya ce in yi haƙuri da hagu.